Jarkar Ruwa a Tsakiyar Hawan Fadama

Gwiwata ta dama ce ta kai ni ga mashin mai caji. Ta lalace har ba na iya buga kik ɗin tsohon mashina, sai in tsaya bakin hanya ina jiran wanda zai tayar mini. Ga fetur ya yi tsada. Babban ɗana kuwa ya samu abin faɗa, kullum sai ya ce in bar masa fadamar albasa in zauna gida. Fadamar nan tana gefen Aliero, tun ina saurayi nake dashe a cikinta. Na gaya masa muddin akwai abin da zai kai ni ya dawo da ni, ba mai taɓa mini ita.

Tsakanin fadamar da gari akwai hawa. Ba shi da tsawo, amma a miƙe yake, marmara ce da rairayi, ruwan sama ya zaizaye ta. Gangarawa ba wuya. Dawowar ce aiki, don kowace yamma da injin ban ruwa da tiyo nake hawowa, ba a barin su a fadama.

Na tafi Jega ranar kasuwa, wani shagon mashina masu caji. Mai shagon yana da iri biyu, kowanne injinsa a cikin tayar baya yake. Ɗaya yana da giya a ciki, ba ya gudu, yana ɗan kuka. Ɗayan ba giya, shiru kamar ba a kunna shi ba, ga gudu. Na gaya wa mutumin nan zancen hawan, na gaya masa nauyin kayana, na sake maimaitawa. Wannan ne har yau yake ci mini rai.

Ya ce, "Baba Alhaji, wanga ko bango ka nuna mishi sai ya hau. Wancan mai kuka kamar injin markaɗe, ai na masu tsoron hanya ne."

Ya ɗora ni a kan kwalta ta wajen Maiyama, shimfiɗaɗɗiya, ba tudu ba kaya. Iska ta cika mini riga, na ji kamar an rage mini shekaru. Da na ce a kai ni inda akwai tudu, da magana ta ƙare a nan. Ban ce ba. Ba na so a sa ni cikin masu tsoron hanya. Na sayi marar giyar.

Mu mutanen fadama da kunne muke sanin inji. In injin ban ruwa ya wahala muryarsa takan canza, sai ka jiƙa buhu ka ɗora masa, ka yayyafa masa ruwa ya huce. Haka muka gani, haka muke yi. Shi wannan ba ya magana. Ranar da ya fara tsaya mini a tsakiyar hawa, ba tari ba gargaɗi, sai kawai ya ɗauke. Na taɓa cibiyar tayar, ta ƙone mini yatsu. Na kwance jarkar ruwan sha na kwarara mata. Tururi ya tashi, na ɗan jira, na murɗa, ya tafi.

Sai na ɗauka na gano maganinsa. Na ajiye jarka ta musamman a gindin wata sabara a tsakiyar hawan. Maƙwabcina na fadama, wani Bafulatani da muka girma tare, in ya iske ni ina zubawa sai ya tsayar da jakinsa.

"Alhaji, shi ma albasa ne? In ya yi kai ka ɗebo mini iri."

"Wuce da jakinka, kai da ba ka san zamani ba."

"Nawa dai bai taɓa neman wanka bisa hanya ba!"

Daga baya mashin ya fara fizga, yana kakarewa ko a kan daidai. Ya mutu gaba ɗaya a makon da irin albasata ya isa dashe. Aka ɗora shi a a-kori-kura muka koma Jega.

Mai shagon bai ko tashi daga kujerarsa ba. Ya ce, "To Baba, wa ya ce ka yi mishi wanka?"

Na ce, "Wa ya ce mini kada in yi? Da kana yabonsa bakinka bai gaji ba. Kalma ɗaya a kan zafi, ɗaya a kan ruwa, ita ce ta yi maka nauyi?"

Ya ce shi sayarwa yake yi, ba koyarwa ba. Yaron da na girmi ubansa, a gaban mutane. Na sa aka janye mashin daga ƙofar shagonsa.

Wani mai gyara a bayan tasha ya buɗe injin a gabana. Ciki duk tsatsa, wayoyin sun yi baƙi. Ya ce irin wannan in yana hawa a hankali da kaya, wutar da yake sha zafi take zama. In kuma aka zuba wa ƙarfe mai zafi ruwa, yana hucewa yana zuƙar ruwan ta bakin ƙarfen taya. Mai giyar da aka raina mini shi ne na tudu. Ba shi da shi a hannu, sai an aiko daga nesa.

Iri kuwa ba ya jira. In ya wuce lokaci a fage, ya tsufa ke nan. Ina zaune a zaure ina jiran injin mai giya, ɗana ya tara ma'aikata ya yi dashen. Bai yi laifi ba, na sani. Ya ja fangalai yadda yake so, ya canza bakin ruwa, ya sa irin takin da na daɗe ina hana shi. Kafin injin ya iso, ma'aikatan sun saba da jin umarni daga bakinsa.

Yanzu mashin yana hawa lafiya, yana kukansa, ko ɗumi ba ya yi. Ranar da na fara gangarawa da shi, na tarar an shimfiɗa mini tabarma a inuwar mangwaro. Ɗana ya taso da sauri ya riƙe mini mashin.

"Sannu da zuwa, Baba. Zauna nan, kada ka shiga laka."

Sannu da zuwa, a fadamata. Na zauna. Da yamma shi ya ɗaure injin ban ruwa a bayan nasa mashin, ni na hawo ba kaya. Jarkar tana nan a gindin sabara, rana ta fasa ta, na wuce ban tsaya ba.