Maraɗi ko Yamai: Ɗiyata Ce Ta Raba Gardamar

Shekarun baya, lokacin ina Ƙonni da keken ɗinkina guda ɗaya a bakin hanya, da wani ya ce mini a Yamai furfura za ta same ni da na yi masa dariya. Da yawa cikinku kun sha tambayata yadda aka yi na baro gida na tare a unguwar Talladje. Yau aiki ya yi sauƙi, bari in ba ku labarin.

Ƴaƴanmu uku a lokacin, babbar mace ce. Tana da shekara uku sanƙarau ya kama ta. Allah ya tashi kafaɗunta, amma ciwon ya tafi da jinta. Ƴan kalmomin da ta fara iyawa suka zube ɗaya bayan ɗaya, har ya zama sai nuni. A gida muka ƙirƙiri namu: hannu a baki abinci ne, shafa gemu ni ne, ɗaura kallabi uwarta ce. Da haka muke lallaɓawa.

Shekarar da ta cika bakwai, ranar da aka koma lakwal, wato makaranta, ta ga ƙawayenta na unguwa sun saɓa jaka. Ba wanda ya lura, ta ɗauki ledar da nake zuba ƙyallaye ta bi su. Da hantsi sai ga malamin ajin ya riƙo hannunta har shagona. Mutumin kirki ne, har ya rasa ta inda zai fara. Ya ce, "Malam tela, wallahi da ina da yadda zan yi da na riƙe ta. Aji ya cika, ni kuma ban iya maganar hannu ba. Akwai lakwal ta kurame a manyan garuruwa, ku gwada can."

Ranar nan yarinyar ba ta ci abinci ba. Ta shige bayan ƙyaure ta zauna rungume da ledar. Maiɗakina ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Maigida, zaman garin ga ya ƙare muna. Mu tashi."

Da muka bincika, garuruwa biyu ne za mu iya zuwa, Maraɗi ko Yamai. Ni tun ba a je ko'ina ba zuciyata ta riga ta tafi Maraɗi. Yayana na can da shagon atamfa da shadda kusa da kasuwa. Ya ce ga ɗaki a gidansa, in kawo kekena in kafa a ƙofar shago, duk wanda ya sayi yadi ya miƙo mini. Hausa ake yi a ko'ina. Ga ta kusa da Inna, mahaifiyata, in wani abu ya taso. Yamai kuwa ba ni da kowa sai wani abokina direban taksi, ga tsadar haya, ga Zabarmanci da ko gaisuwarsa ban sani ba.

Na kai maganar fada, inda muke shan shayi da la'asar. Nan fa kowa ya zama masani. Wanda bai taɓa wuce Dogon Dutsi ba shi ya fi kowa sanin Yamai, har yana rantsuwa cewa sauron bakin kogi ya kai fara girma. Sati biyu ina yawo da zancen. Na tambayi mai nama, na tambayi mai gyaran babur, na tambayi limamin unguwa. Mutum biyu kawai ban tambaya ba, matata da yarinyar da za a yi tashin dominta.

Da maiɗakina ta gaji ta ce, "Ka gama jin ta mutanen fada? To mu je mu gani da idonmu. Kuma da ita za mu tafi."

Muka bar ƙananan biyu wurin Inna, muka hau kar, babbar motar fasinja, sai Maraɗi. An karɓe mu hannu biyu, ba zan yi ƙarya ba. Lakwal ɗin ma mun je, malamai masu haƙuri, yara na ta wasa da hannu, ɗiyata ta tsaya tana kallonsu har sai da muka ja ta. Abin da ya tsaya mini shi ne gidan. Matar yayana tana ganinta ta ce, "Wayyo, baiwar Allah!" Ita ake fara sa wa nama, ko kwano ba a bari ta ɗauka. Maƙwabta suka shigo ɗaya bayan ɗaya suna kallonta suna girgiza kai kamar an zo gaisuwar maras lafiya. Yarinyar da a gida ba ta zama wuri ɗaya, kwana uku tana manne da zanen uwarta.

Yaya ya zaunar da ni a shago ya ce, "Ta yi shekara biyu ko uku, ta iya rubuta sunanta, ya isa. Mi kurma za ta yi da dogon karatu? Tana cikin danginta, ba mai wulaƙanta ta, in ta girma ta taimaka a gida." Da ƙauna ya faɗa. Abin kunyar da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau, ni ma a raina iyakar burina ke nan. Na ce masa, "To Yaya, kamar an gama magana."

Muka hau kar muka kamo hanyar gida, har muka wuce Madawa. Sannan maiɗakina ta ce, "Saura Yamai."

Abokina ya tarbe mu a tasha, ya kai mu gidan da yake haya a Talladje. Gida ɗaya, iyali shida, famfo ɗaya. Na dubi ɗakin da ya ce za a iya ba mu, na tuna tsakar gidan yayana. A hanya ya koya mini kalma ɗaya ta gaisuwar Zabarmanci, "fofo", na riƙe ta gam. Mai shago ya gaishe ni, fofo. Wata tsohuwa ta yi mini faɗa na taka mata tabarma, fofo. Daga baya na gane rabin mutanen suna jin Hausa sarai, kallona kawai suke suna jin daɗi.

Washegari muka je lakwal ɗin kuramen. Ita ma ba ta da laifi, kusan duk ɗaya da ta Maraɗi. Na ce a raina shi ke nan, tunda lakwal ɗaya ce, Maraɗi ta ci. Muna fitowa abokina ya ce, "Tsaya, kafin ku koma akwai wadda nike so ku gani a unguwar Yantala. Ni ke kai mata kaya."

Atiliye ne na ɗinkin mata, kekuna biyar suna ta ƙara. A tsakiya ga wata mata mai kamar shekara arba'in, tef a wuya, almakashi a hannu. Tana ɗaga yatsa ɗaya wani tela ya miƙe tsaye. Ta nuna masa wuyan wata riga, ta murtuke fuska, ya sunkuyar da kai ya fara warware ɗinkin. Abokina ya raɗa mini, "Ita ce mai wurin. Kurma ce, su kuma duk masu ji ne."

Ta gaishe mu da hannu a ƙirji. Da abokina ya nuna mata cewa ni ma tela ne, ba ta yi wata-wata ba ta kama aljihun babbar rigata, wadda na kwana uku ina yi wa aiki don wannan tafiya. Ta juya cikinsa, ta zaro wani zare da na bari yana lilo, ta ɗaga shi sama kowa ya gani. Telolinta suka tuntsire. Shekara goma sha biyar ina ɗinki ba wanda ya taɓa yi mini haka. Sannan ta shafa aikin da tafin hannu, ta ɗaga mini babban yatsa.

Duk wannan ɗiyata ta saki zanen uwarta ban sani ba. Ta matsa gaban matar, ta nuna kunnenta, ta kaɗa hannu alamar babu. Matar ta durƙusa, ta nuna nata kunnen, ta yi irin alamar. Yarinyar ta juyo wurina da ido waje. Ta nuna matar, ta nuna kekunan ɗaya bayan ɗaya, ta nuna telolin, ta buɗe tafin hannu tana tambaya, duk nata ne? Na gyaɗa kai. Ta sake tambaya. Na sake gyaɗawa. Tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin babban mutum irinta ba, balle wanda ake tsoro.

Matar ta ɗauko kaye, wato littafin rubutu, da bik ta yi rubutu da Faransanci, abokina ya karanta muna. Ta ce akwai su da yawa a garin, teloli, kafintoci, har da malamai, suna haɗuwa duk Lahadi, a riƙa kawo yarinyar. Ta ƙara da cewa mazan masu kawo mata ɗinki suna neman mai aikin manyan riguna, in na zo za ta turo mini su, amma in riƙa yanke zare.

Da la'asar abokina ya ajiye mu Gaweye kusa da gada ya tafi ɗaukar fasinja. Muka sayi kopto, kwaɗon zogale, a leda muka zauna muna kallon ruwa. Maiɗakina ta ce, "Ka tambayi duniya duka. Ga ta nan, tambaye ta." Na rasa yadda zan yi. Na zana tumbi a gabana, wato yayana, na nuna gabas. Sannan na nuna ƙasar da muke zaune. Ban ma sauke hannu ba ta miƙe ta buga ƙafa a ƙasa sau biyu, har ƙura ta tashi ta shiga koptona.

Faɗa wa Yaya shi ne aiki. Ya ce na raina masa arziki, ya ce kafin damina ta fita zan dawo da kekena a ka. Na kai ƙara wurin Inna ina tsammanin za ta goyi bayan babban ɗanta. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Shi ya ba ka ɗaki, Allah ya saka mishi. Amma kai za a tambaya game da ɗiyar ga, ba shi ba. Ku tafi, Allah ya sa albarka."

Shekarar farko ta ba mu wuya. Ruwan sama ya shiga ɗakinmu sau biyu, wutar lantarki na ɗaukewa ina tsakiyar aikin Sallah, Yaya kuma in na kira sai ya miƙa wa matarsa waya. Amma matar Yantala ta cika alkawari, riguna suka fara zuwa. Duk Asabar ni da maiɗakina muna zuwa koyon maganar hannu tare da wasu iyaye. Ita ta kama da wuri, ni kuwa yatsuna kamar itace. Ranar da na fara gane cikakkiyar magana daga hannun ɗiyata, na zauna ina jiran wani abu mai taɓa zuciya. Sai ta ce mini ba ta son ruwan ɗorawa. Shekara huɗu ina ɗinka mata kayan Sallah ruwan ɗorawa ina cewa shi ne launinta. Na yi dariya har hawaye suka zo, daga nan kuma suka ƙi tsayawa.

Ta gama firamare, ta shiga kwaleji tare da masu ji, tana zama a bencin gaba, wata ƙawarta na ba ta kayenta ta kwafa. Shekarar da ta yi jarrabawar BEPC, ana gobe za a faɗi sakamako, sai ga Yaya ya sauka daga kar ba sanarwa, wai ya zo sarin shadda. Kun san yadda ake yi a nan, ana tara mutane a filin lakwal a riƙa kiran sunayen waɗanda suka ci da lasifika. Kowane yaro ya kasa kunne. Ita kuwa fuskata ta zuba wa ido, don ni ne kunnenta a ranar.

Aka yi ta kira, nan a yi guɗa, can a fashe da kuka. Sai na ji sunanta, da nawa a bayansa. Na ɗaga hannu zan yi mata alamar, duk abin da na koya ya gudu. Kafin in tattara kaina Yaya ya kurma ihu, ya cire hularsa ya jefa sama, ya kama kafaɗunta yana jijjigawa yana nuna ta da yatsa, "Ke ce! Ke ce!" Dattijo mai tumbi yana tsalle a tsakiyar fili. Ba ta buƙaci fassarata ba.

A hanyar gida ya ce, "Ashe ni ne ban ji ba, ba ita ba." Shaddar ma bai saya ba ya koma.

Har yau ban ce Yamai ta fi Maraɗi ba. Ina son Maraɗi, kuma da ni kaɗai ne da can na tafi na huta. Abin da na gane shi ne, da nake auna garuruwan nan jin daɗina nake aunawa, ina zan samu aiki, ina za a gane maganata, ina zan kwana ba fargaba. Ban taɓa tambayar a ina yarinyar za ta ga abin da za ta iya zama ba. Saura kaɗan in rufe mata hanya da hannuna, kuma da na yi hakan ina ganin gata na yi mata.

Yanzu tana lise, babbar sakandare, ta ce malama za ta zama. A kaina take gwaji. Shekaranjiya muna hira a shago ta kama yatsuna ta gyara, ta girgiza kai. Na tambaye ta mi na yi kuma. Ta ce sama da shekara goma ina Yamai, amma ko da hannu na yi magana sai an gane mutumin Ƙonni ne.