Wani Dattijo Ne a Garinmu

Bara da kaka na je gida Mashi. Ina digiri na biyu a Kano, aikina a kan yadda galaksi, wato tarin taurari, ke zuƙo iskar gas daga waje don ta ci gaba da haifar sababbin taurari. Muna zaune a gindin gawo bayan an gama ɗaure dammunan gero, Baba ya ce, "Wai kai me kake karantawa ne shekara da shekaru?"

Na yi masa bayani sama-sama. Na ce da a ce ta dogara da gas ɗin cikinta kaɗai, da tuni ya ƙare, amma akwai wani mai sanyi da ke kwararo mata ta siraran hanyoyi, da ƙyar na'ura ke ganinsa. In ya yanke, haihuwa ta tsaya, sai tsofaffin taurari.

Ya ce, "To ai tafkin bayan gari ke nan. Kowa na ɗiba, shanu na sha, amma yana kaiwa bazara. Ta ƙarƙashin yashi ruwa ke shigo masa. Ran da hanyar ta toshe, sai taɓo."

Ni kuwa ina ta ɗaukarsa a waya. Rigarsa a yage a kafaɗa, haƙora jajur da goro. Na ɗora a sitatus, na rubuta "Farfesan ƙauye", na jera fuskokin dariya.

Da na koma, malamin da ke duba aikina ya kira ni ofis. Ashe ya gani. Ya ce, "Bayanin nan ya fi babinka na biyu. Wane ne shi?"

Akwai 'yan ajinmu biyu a ofishin, cikin waɗanda suka fi kowa dariyar bidiyon. Na ce, "Wani dattijo ne a garinmu."

Na ba ƙanwata labarin yabon, ban gaya mata amsar da na bayar ba. Ta kai wa Baba. Ya ari wayarta ya kira ni, murya cike da murna.

"An ce malaminku ya yaba da maganata."

"Ya yaba, Baba."

"Ka dai gaya masa ni na haife ka ko?"

"Na gaya masa."

"Madalla. Zan ba direba zabi biyu, ka kai masa, ka ce daga babanka."

Zabin sun iso. Kwana uku suna ɗaure a bayan ɗakina, suna ta kuka. Rana ta huɗu na ba mai gadi su.