Ni Na Tsallaka da Baƙi Kan Burtalin Garinmu

A lokacin da abin nan ya faru, ni ne dattijon da ake kira in rikicin iyakar gona ya tashi a ƙauyenmu, can inda ƙasa ke gangarawa bakin ruwan Tiga. Ba ni da sarauta, karatuna kuma bai wuce na allo da ajin yaƙi da jahilci ba. Amma na san kowace kuka da kowane layin gamba da ya raba gonar wani da ta wani, don tun ina ƙarami nake bin mahaifina zagayen iyaka. Ƙa'idar aikin ɗaya ce: ba a taka iyaka sai duk wanda abin ya shafa yana tsaye a wurin. In mutum ɗaya bai zo ba, a watse, a sake sa rana.

Wata shekara aka yi ta faɗa a rediyo cewa ƙasarmu ta ƙulla zumuncin noma da wata babbar ƙasa, shugabanni sun sa hannu. Ban zaci maganar za ta sauko har ƙofar gidana ba. Sai ga wani jami'i daga birni, ya ce wani kamfani na waccan ƙasa zai buɗe gonar shinkafa a fadamarmu, za a koya wa mutanenmu noman zamani, jakadansu ma da kansa zai zo. Mai gari ya ce ni zan nuna musu iyakar filin da aka amince a ba su. A gefen filin nan akwai burtali, wato hanyar da shanun rugar da ke saman gari ke bi su sauka mashaya. Arɗon rugar abokina ne tun na ƙuruciya. Bai taɓa kirana da suna ba sai Kaɗo, yana tsokanata wai ban san gaban saniya da bayanta ba, ni kuma in ce masa da ba don gerona ba da nononsa bai zama fura ba. Bayan kaka shanunsa ke kwana a gonata su bar mini taki. A ƙa'ida, dole ne in aika masa. Jami'in ya ce baƙin na sauri, kada a tara jama'a, kada kuma a ga shanu a hanya ranar. Ban aika wa arɗo ba.

Ranar na sa babbar rigata ta Sallah. Motoci suka iso da 'yan tutoci a gaba. Jakadan ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya yi mini sannu da Hausa, aka yi ta tafi. Tafinta ya ce wai jakadan ya kira ni uban wannan ƙasa, kuma ƙasashenmu biyu 'yan'uwa ne. Wallahi kaina ya kumbura. Muka kama zagaye, mai awon ƙasa na kamfanin na bina da na'urarsa. Da muka kai layin gambar da ya raba filin da burtali, na juya arewa yadda iyaka take. Mai awo ya ce bututun ruwansu ba ya son lanƙwasa, a miƙe kawai zuwa bakin ruwa. Jami'in ya kama bakin rigata, ya sassauta murya, ya ce Baba kada in kunyata ƙasa a gaban baƙi, magana ce tsakanin gwamnati da gwamnati, shanu sa zagaya. Na fi kowa sanin babu wurin zagayawa: dutse ne a gefe ɗaya, lambunan mutane a ɗaya gefen. Ba a rufe mini baki ba, ba a yi mini barazana ba. Na ɗaga ƙafa na tsallake gambar nan, suka biyo ni, suka kafa turken siminti. Daga baya aka kawo takarda da Turanci, na dangwala yatsa ban ce a karanta mini ba.

Kafin rani ya tsaya, shingen waya ya zagaye wurin har da burtalin. Arɗo ya zo gidana da hantsi. Na shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi zama. Ya kira ni Malam, abin da bai taɓa yi ba. Ya tambaye ni ko ranar da aka taka iyakar an gaya mini ya mutu ne. Ya juya ya tafi. Shanu kuwa ba su san takarda ba, ƙishirwa suka sani. Suka ratsa lambun albasar wani maƙwabcina, aka ɗaga sanduna, aka karya masa hannu, aka kwashi mutane daga gari da ruga aka kulle. Mutanen da suka yi shekaru suna zuwa sunan juna suka daina gaisawa a kasuwa.

Ni da wasu dattawan gari muka tafi ƙofar kamfanin mu roƙi a bar ko ratar da saniya biyu za su wuce, mai gadi ya ce manaja ba ya ganin kowa. Muka bi jami'in har birni, ya bar mu a benci har la'asar, sannan ya ce takardar ta riga ta shiga tsakanin ƙasashe biyu, taɓa ta zai ɓata zumunci, kuma ai da yatsan dattijonmu a kai. Wannan ne ke ƙona mini rai har yau. Wane irin zumunci ne ratar saniya biyu za ta ɓata shi? Wane ɗan'uwa ne zai sha ruwan gidanka ya kulle rijiyar ya tafi da makulli? Koyarwar da aka yi alkawari ta ƙare a ƙwadagon yini, shinkafar kuma manyan motoci ke kwashewa, ba mu san inda take zuwa ba. Amma duk fushin da nake yi da su bai kai wanda nake yi da kaina ba, don su ba su san burtalin ba, ni na san shi.

Ruga ta tashi, suka yi wajen Doguwa. Na tsaya a masallaci bayan sallar Juma'a na faɗi abin da na yi. Sannan na hau babur na nemi arɗo. Ya sa aka dama mini fura, ya ce ya yafe mini duniya da lahira, amma in sani yafiyarsa ba ta buɗe waya, kuma kabarin mahaifinsa na can inda suka baro.

Ba na cewa kada ƙarami ya yi hulɗa da babba. Abin da na gane shi ne babba yakan zo ya san abin da yake so, ƙarami kuwa sai ya shagala da murnar an zo wurinsa. Ina kira ga duk wanda aka tura ya tsaya a madadin jama'a, mai unguwa ne ko minista: kada riƙon hannu da tafi su ɗauke maka hankali. Ka ce a karanta maka da harshenka, ka tambayi wa zai rasa me, in an ce ana sauri ka ce kai ba ka sauri. Abin da ke hannunka amanar mutanen da ba sa wurin ce. Ni kunyar ɗan lokaci na guje wa a gaban baƙon da ko sunana bai riƙe ba, ga shi zan shiga kabari da kunyar mutanen da suka san ni.