Gunvor Edholm da Harsashin da Ba Nata Ba

Ranar Talata, sha biyu ga watan Agusta, da hantsi, ina faskaren itace a bayan gida sai 'yarki Ylva ta kira ni a waya. Ba ta ja magana ba. Ta ce, "Sixten, Mama ta tafi." Allah da Ya ba mu ke, Gunvor, Ya karɓi abinSa, kina da shekara saba'in da tara. Kin cika ne a gidan kula da tsofaffi a garin Strömsund, cikin ɗakin da tagarsa ba ta buɗuwa fiye da faɗin tafin hannu. Ke da kika ƙare rayuwarki a daji, wata goma sha huɗu kika yi kina kallon filin ajiye motoci.

Duk wanda ya taɓa farautar elgi, ƙatuwar barewar nan ta dazuzzukanmu, a kwarinmu ya san rumfarki. Shekara arba'in ke ce mai zaɓa wa ƙungiyarmu, mu goma sha huɗu, abin da za mu sa a bindiga. Da hannunki kike auna albarushi, ki ɗura a kwanso, ki ɗora harsashi. Duk dabbar da aka feɗe sai kin laluba kin ciro harsashin da ya kashe ta, ki wanke, ki sa a kwalin ashana, ki rubuta sunan maharbi da nisan da ya yi harbin. Kwalayen nan sun cika bango guda. Idan mutum ya zo neman shawara sai ki zuba masa kofi, ki tambaye shi wace dabba, daga wane nisa, sannan ki dube shi ki ce, "Kafaɗarka tana tsoron bindigar?"

Tsohuwar bindigarki mai baki milimita shida da rabi ba ta da wani kwarjini, amma kin yarda da ita. Harsashinta dogo ne siriri, giram goma, yana shiga a natse, ya buɗe kamar lema, ya ratsa huhu biyu. Mai son fuskantar beyar kuwa kikan ce ya ɗauki mai baki tara da ɗigo uku, in har ya iya riƙe ta. Na tuna ranar da Hilding, shugaban ƙungiyarmu, ya zo yana neman harsashin da zai kayar da bijimin elgi daga mita ɗari huɗu. Kika ce masa, "Hilding, kai da ba ka iya hango matarka daga bakin ƙofa? Matsa kusa da dabbar, ƙafarka lafiya lau take." Ya yi dariya har kofi ya sarƙe shi.

Mutane za su faɗi alherinki da yawa a coci. Za su faɗi yadda kike kai wa tsofaffin ƙauye nama kafin ki ɗauki rabonki, da yadda ake tashinki ko da wane yanayi ki bi sawun dabbar da mota ta buge. Ni alheri ɗaya zan faɗa, wanda ba wanda ya sani sai ni da ke, wanda kuma ya ɗaure ni shekara tara.

A shekarar da matata Maj-Britt ta rasu, na rasa abin yi da kaina, sai na je birni na sayo wata ƙatuwar bindiga mai harsashi kamar babban yatsa. Na kawo miki ina taƙama. Kika kai ni bayan rumfa kika ce in harba sau uku. Da na gama kika ce, "Ɗan Elof, kana rufe ido kafin ka ja kunama. Wannan ba taka ba ce." Ba ki kirana da sunan mahaifina sai abin ya dame ki. Duk da haka kika ɗura mini harsashi ashirin masu nauyi da kauri, waɗanda ko ƙashi suka sama ba za su watse ba. Ni kuwa na ajiye su a aljihun mota. Na sa na kanti, masu sauƙi da gudu, don kwalinsu ya ce sun fi tafiya miƙe. Ban gwada su ko sau ɗaya ba, alhali dokar ƙungiyarmu ita ce wanda ya shiga daji da harsashin da bai gwada ba, ya bar ƙungiya.

Rana ta biyu da buɗe farauta wata macen elgi ta fito mini a mita tamanin. Na rufe ido, na ja. Harsashin da ya kamata ya shiga bayan kafaɗa ya sami ƙashin kafaɗar, ya tarwatse a nan. Ta durƙusa, ta miƙe, ta shige kurmi da ƙafa uku.

Awa shida muka bi ta, ni da ke da karenki. Muka same ta a fadama, ta nutse cikin taɓo har ƙirji. Ta yi ta kokawa har ta haƙa rami kewaye da kanta, ƙarfinta ya ƙare, ta ɗora haɓa a kan ciyawa tana kallonmu. Kika ce, "Taka ce. Gama mata." Na ɗaga bindiga, yatsana ya ƙi. Na tsaya ƙafafuna cikin ruwan sanyi, ban iya gaba ba, ban iya baya ba. Ke kika harba.

Kafin sauran su iso kin riga kin tsaga kafaɗar, kin tsinto ɓarɓashin. Kin dube shi a tafin hannunki, kin dube ni. Kin san aikinki kamar yadda kika san rubutunki, kin gane wannan ba naki ba ne. A rumfar fiɗa kuwa, da Hilding ya tambayi abin da ya faru, sai na ji kin ce, "Saitinsa bai yi nisa da daidai ba. Harsashin ne ya watse, ni kuma na ɗura shi." Na buɗe baki, kika taka mini ƙafa. A hanyar gida kika ce, "Matarka ta tafi, ba ka da kowa sai mutanen nan. In suka kore ka, ba za ka kai bazara ba. Ka rantse ba za ka faɗa ba." Na rantse.

Tun daga ranar ban sake harbin dabba ba. Kin ba ni aron bindigarki ta biyu, kin sa aka riƙa ba ni wurin tsaro a gefen da dabba ba ta cika bi ba. In ta biyo, nakan ce itace ya kare ni. Shekara tara ina zuwa, ina zama a kan kututture da bindiga a cinya, ina karɓar rabon nama. Ban iya barin ƙungiya ba, don ita kika saya mini da sunanki. Ban iya zama cikinta da sakin jiki ba, don na san abin da aka biya.

Na ɗauka abin zai tsaya a kaina, sai shekara huɗu da suka wuce kika tsinci gaggafa a mace kusa da inda muke zubar da kayan ciki. Kin aika da ita aka duba, aka ce dalma ta ci. Dalmar harsashinmu, wadda ke kika ɗura. Lokacin sanyin nan gaba ɗaya kin yi shi kina harba harsashin jan ƙarfe cikin tulin jiƙaƙƙun jaridu, kina tonowa kina aunawa. Kin gano cewa jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, dole ya fi tsawo, kuma ba kowace tsohuwar bindiga ke riƙe shi daidai ba. Kin bi bindigoginmu ɗaya bayan ɗaya har kika samo wa kowace wanda ya dace da ita. Kika kawo wa taro shawarar mu koma jan ƙarfe.

Hilding ya saurare ki, ya jingina da kujera ya ce, "Gunvor, muna ganin girmanki. Amma karon ƙarshe da kika gwada mana sabon abu, ai mun kwana biyu muna jan macen elgi daga fadama." Aka yi dariya. Wani ya ce a ci gaba da dalma, ita aka sani. Aka ɗaga hannu, aka kayar da ke. Ina zaune kujera biyu daga gare ki. Kalma goma sun isa in wanke ki. Na dubi ƙasa. Ke kuma kika tattara kwalayenki a hankali kika fita.

Da na ziyarce ki a watan Yuni, numfashi yana yi miki wuya, na roƙe ki ki kwance mini rantsuwar. Kika yi murmushi kika ce, "Yanzu dai suna cewa na taɓa kuskure sau ɗaya. In ka faɗa, za su ce na yi musu ƙarya shekara tara. Wanne ka zaɓa mini?" Kika ce in gwada ko tagar za ta ƙara buɗuwa. Na gwada, ta ƙi.

Wata biyu ke nan ina juya tambayarki, Gunvor, kuma ko ta ina na bi sai na cuce ki. In na yi shiru, an binne ki da laifin da ba naki ba. In na yi magana, na karya miki rantsuwa. Na zaɓi na biyu, don na ga gara a san ki da ƙaryar da kika yi don ceton mutum, da a san ki da aikin da hannunki bai taɓa ɓatawa ba. Hilding da sauran 'yan ƙungiya, ku ji: harsashin nan nawa ne. Gunvor Edholm ba ta taɓa ɗura wanda ya ci amanar maharbi ba. Zan zo taron Lahadi, hukuncin da kuka yanke a kaina na karɓa. Abin da nake roƙo kawai shi ne ku sake ɗaga hannu a kan maganar jan ƙarfe.

Allah Ya ji ƙanki, Gunvor. Ya yafe miki kurakuranki, har da wannan ƙarya da kika yi saboda ni, Ya ɗora nauyinta a kaina. Ya yalwata miki makwanci, Ya ba ki hutun da ba ki samu ba a ƙarshen kwanakinki. Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙaninki Arvid, da jikokinki, da dukan mutanen kwarinmu. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi.

Ke kuma Ylva, Allah Ya sanyaya miki zuciya. Kin sha jin ana yi wa mahaifiyarki ba'a a bakin kanti, kina haɗiyewa, ni kuma ina wucewa ina gaishe ki. Ba na neman ki yafe mini yau. Na dai so ki san wace ce za ki raka kabari ranar Juma'a.