Ƙunshin da Ya Rufe Ciwon Ƙafata

Shekarun baya, ana saura kwanaki kaɗan bikin yayata, ina tsugune ina wanke-wanke da hantsi, rana ta buɗe sosai, sai na ji wani sanyi ya ratsa ni har haƙorana na haɗuwa. Ni mai sikila ce, tun ina ƙarama na saba da ciwo. Amma wannan sanyin ban san shi ba.

Kafin nan wani tsohon langa-langa ya yanke ni a dunduniya, a bayan gidanmu a Mai'aduwa. Ɗan yanka ne, na goge jinin na ci gaba da hidima. Washegari mai ƙunshi ta zo. Da na nuna mata wurin sai ta ce, "Lalle ma ai magani ne, ƙanwata, miƙo ƙafar." Ta lafta, ta ɗaure da leda, na wuni a haka. Ni kuwa uwar son ado, har cewa na yi ta ƙara min.

Da zazzaɓi ya kwantar da ni, mahaifiyata ta ce, "Ciwonki ne ya tashi, hidima ta yi miki yawa." Kowa ya yarda, har ni. Aka sayo min maganin da na saba sha a kemis. Ƙafar tana ta zugi, amma wa zai ga ja a ƙafar da ta sha lalle har idon sawu?

Ranar ɗaurin aure numfashina ya koma sama-sama, fitsari ya ɗauke, ana min magana ba na ganewa. Yayata ce ta shigo sallama da ni, ta dafa ƙafar.

"Inna, wannan ba sikila ba ce. Taɓa ki ji, kamar garwashi."

Da kayan amarcinta ta shiga motar da ta kai ni asibiti a Daura.

Likita ya ce ƙwayar cuta ce ta bi ta yankan ta shiga jini, kuma jikin mai sikila ba ya iya yaƙarta kamar na sauran mutane. Aka yi ta ƙarin ruwa da allurai. Matar da ke gadon kusa da ni, ita ma ƙwayar cuta ce ta shiga jininta bayan haihuwa. Wata rana na farka na ga an naɗe katifarta. Har yau in ƙaya ta soke ni, sai na wanke wurin na yi ta dubawa.

Wata safiya likita ya gama duba ni, ya juya wajen mahaifiyata. "Hajiya, jinin ya yi kyau. Ta fita daga hatsari."

Inna ta ce, "Likita, wato ba mutuwa za ta yi ba?"

Ban taɓa jin ta faɗi kalmar nan a kaina ba, duk shekarun da na yi ina ciwo.

"Ba da wannan ba, in sha Allah."

Sai ta zauna daɓas a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe fuska.