Ranar da Inna Ta Yi wa Karsana Magana

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Inna, mahaifiyata, ba ta kiran sunana, ba ta duban idona, ba ta yi mini magana kai tsaye. Kunyar ɗan fari ke nan. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata a can ƙarshen gari a Kajiji, a hannunta na girma. In na shigo gaida Inna, sai ta kau da kai ta ce wa duk wanda ke kusa, "A ce ma wancan sannu da zuwa." Wancan ɗin ni ne, da gemuna da komai.

Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba sai da na bar ƙasa. Ina aikin duba lafiyar dabbobi a Bodinga, ina yawo bisa babur ruga-ruga da jakar allurai, Allah Ya ba ni gurbin karatun digiri na biyu a wata ƙasar Turawa mai sanyin tsiya. Ranar tafiya gida ya cika, kowa da addu'arsa. Inna kuwa tana bakin ɗakinta tana tsince gero, kai a sunkuye. Na durƙusa na yi mata sallama. Ta juya ga ƙanwata, autarmu, ta ce, "Ki ce mishi shi riƙe salla, kuma shi rage saurin hushi." Sallamar ke nan duka.

Maganar saurin fushin nan gaskiya ce, ba zan musa ba.

A can kuwa na tarar da mutanen da ba su san gaisuwa ba. Maƙwabcinka zai wuce ka a matakala ya ɗan yi murmushi kamar mai ciwon haƙori, shi ke nan kun gaisa. Ni da na saba tambayar gida, da iyali, da shanu, da gajiya, sai na wuni bakina bai motsa ba. Malamar da ke duba aikina dattijuwa ce, sa'ar Inna, mai kirki ƙwarai. Ta dage wai in riƙa kiranta da sunanta tsurarsa. Haba! Harshena ya ƙi ɗauka. Ita kuwa sunana ba ya hutawa a bakinta, sau goma a zama ɗaya, kuma kowane karo sai ta karya shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wani abokin karatu da muke gida ɗaya. Kullum da yamma uwarsa za ta kira shi, in jiyo su suna dariya, suna gardama a kan abin da ya ci da abin da bai ci ba. Ƙato da shi, wai uwarsa na tambayar ko ya sa safa. Na yi masa dariya a fili, amma wallahi kishi ne ke cina.

Ni tawa wayar ta Juma'a ce. Auta za ta buɗe murya ta ajiye wayar a tsakiyar tabarma. In ce, "Inna, ina wuni?" Sai in ji ta ce wa auta, "Ki ce mishi lahiya lau." Auta, shaƙiyyiya, ta maimaita mini kamar ban ji ba: "Yaya, wai lahiya lau." In ce, "Ai na ji, sarkin iyayi." Haka muka yi wata bakwai.

A wata na bakwai ne na yi ɓarnar. Bincikena a kan cutar da kaska ke sa wa shanu ne, kuma na tara jinin dabbobi a ƙananan kwalabe cikin firji, aikin wata huɗu cur. Wata Juma'a ina saurin kada in rasa salla, na tura ƙofar firjin ban tsaya na ga ta kama ba. Ranar Litinin na tarar komai ya lalace. Ba wanda zan ɗora wa, hannuna ne ya yi. Malamata ba ta yi faɗa ba, ta ce a sake daga farko, karatun zai ƙaru da wata shida. Da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Kwana huɗu ban leƙa makaranta ba. Na haɗa kayana a akwati, na yanke cewa gida zan koma, digirin ya sha zamansa. Abu ɗaya ya rage mini: ina son in ji daga bakin Inna. In ta ce in dawo, in dawo. In ta ce in zauna, to. Amma ni za ta gaya wa, ba auta ba.

Da Juma'a ta zagayo, bayan an sauko masallaci, na zauna a rumfar jiran bas ana yayyafi, na kira. Aka ɗauka, amma ba a ce komai ba. Sai kukan kaji da sautin daka daga nesa. Ashe auta ta tafi biki Danchadi, ta bar wa Inna wayar, ta nuna mata koren maɓallin da za ta danna. Daga baya na san wannan. A lokacin dai numfashin da na ji ya ishe ni gane ko wace ce.

Na ce, "Inna, ni ne."



Na gaya mata komai, da firjin, da kwalaben, da akwatin da na haɗa. Shiru dai. Nan fa zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Inna, shekara talatin da biyu ban taɓa jin kin ce mini kai ba. Ina nan ƙasar da ba wanda ya san ni, na gaji, wallahi na gaji. Yau ɗaya dai ki yi mini magana. In dawo ko in zauna?" Muryata ta tashi har wata mata da ke jiran bas ta matsa gefe.

Na ji Inna ta miƙe, na ji takunta, na ji ƙarar ƙyauren kara. Ta shiga garke. Sai na ji ta ce, "Ke, ja'ira, matso nan." Karsana take wa magana.

"Kin ji wancan? Wai ya gaji. Wata bakwai ya gaji. Ranar da anka ɗauke shi anka kai ma tsohuwa, kwana ukku ban ci tuwo ba, na ce ciwon ciki ne. Kullum maraice sai in ɗauki igiya in ce za ni itace. Ina ni ina itace? Bayan dangar tsohuwa nika tsayawa, in leƙa in ga ko ya ci, in ga ko an yi mishi wanka. Shekara bakwai ina wanga leƙe, ba wanda ya sani, kuma ban gaji ba."

Karsanar ta yi wani ɗan kuka.

"Ki ce mishi in ya dawo gobe, gida nai ne, ba mai kora tai. Amma in don ni ne, ni na iya jira. Wata shida mi ne ne? Shi ƙare abin da ya kai shi."

Daga nan na ji ta ajiye wayar a kan wani abu, ina jin turmi ne. A zatonta magana ta ƙare, don auta koren maɓalli kawai ta koya mata. Na ji ta face hanci, na ji tana kuka a hankali, irin na wanda ba ya son a ji. Sai ta fara addu'a, Allah Ya tsare, Allah Ya sauƙaƙa, kuma a tsakiyar addu'ar ta faɗi sunana. Cikakke, daidai, yadda aka raɗa mini shi. Ban taɓa jin sa a bakinta ba.

Na so in ci gaba da saurare, Allah Ya sani na so. Amma na san in ta gane ina ji, kunya ba za ta bar ta ta sake zama kusa da waya ba har abada. Ni da na gama yi mata tsawa a kan ta yi magana, ni ne na yi maza na kashe wayar da hannuna.

Bas biyu suka zo suka wuce ina zaune a wurin ina sharar hawaye. Ranar Litinin na koma wajen malamata na ce a ba ni sababbin kwalabe. Har yau Inna ba ta san na ji ba, kuma ba zan gaya mata ba.