Ranar da Na Sa wa Kundina Reza

Ƙyas, ƙyas, ƙyas. Haka rezar take yi duk sa'ad da ta tsinka zaren da na ɗinke kundin da shi. Har yau in na ji ana farke ɗinki, hantsin nan nake tunawa. Tara ga azumi ne, zafin bazara ya kwanta a tsakar gidan Gwaggo a Tudun Wada, ƙanshin man keke yana tasowa daga rumfa, ni kuma ina kan tabarma ina yanka abin da na fi so cikin duk abin da hannuna ya taɓa yi.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Tela ce, tana da keken ɗinki na ƙafa wanda mijinta ya saya mata kafin ya rasu. Yawancin matan da take yi wa ɗinki ba sa fita, don haka Iya dillaliya ce take bi gida-gida da faifan kayanta, ta karɓo atamfa da tsohuwar riga ta awo. Wahalar tana wajen bayani. Mace za ta ce, "Irin wuyan da matar liman ta sa ranar suna nake so," kafin Iya ta iso ta manta ko wane suna ne.

Lokacin ina makarantar horon malamai ta mata, a farkon shekarun casa'in, kaina cike da waƙa. Wani dogon hutu na sami babban littafi mai bangon kwali, na zana samfurin riga arba'in da biyu da fensir mai launi. Na manna ƙyalle a kowane shafi, na yi wa gefuna ado da takardar alawa mai walƙiya, a ƙarƙashin kowane zane kuma na rubuta baiti biyu. Na ƙara shafuka har sai da na ɗinke su da zare. Da Iya ta ɗaga shi sai ta ce, "'Yar boko, wannan littafi ne ko dutsen niƙa?"

Iya ta fara kai kundin gida-gida don mata su zaɓi ɗinki, ya kuwa yi suna. Amma in ya shiga gida sai ya kwana uku, wani lokaci mako. Sallah biyu suka wuce a haka. Atamfofi ba sa isowa sai Sallah ta matso, Gwaggo ta karɓi waɗanda za ta iya ta mayar da saura, mata suka fara aika kayansu wurin telolin bakin kasuwa. In sabon yayi ya fito kuwa, sai a jira hutuna, domin Gwaggo ajami take karantawa, kuma ba ta zane. Ni duk ban haɗa waɗannan abubuwa da juna ba. Cewa nake kasuwa ce ta ja baya.

Kafin a ɗauki azumin wannan shekarar, ɗan Gwaggo ya zo daga Doguwa, inda yake aikin malamin gona. Yaya nake ce masa, kuma taubashina ne, ba ma haɗuwa mu rabu ba tsiya. Ya tarar da kwanuka jere a kan keke.

"Inna, keken nan ai ya zama kanta," in ji shi. "Bayan Sallah zan zo da mota. Ki koma wurina ki huta, a sayar da shi."

Gwaggo ta daɗe tana kallon mangwaron da mijinta ya shuka a tsakar gida. Sannan ta ce, "In wannan Sallar ta zo kamar ta bara, zan bi ka."

"Ke kuma Malama mai baiti," ya juyo kaina, "ki tanadi waƙar ban kwana."

"Kai dai je ka koya wa masara tsayuwa," na ce masa. Amma da ya tafi na kasa cin tuwo. Na san Gwaggo. In aka raba ta da gidan nan da keken nan, zama za ta yi a ɗaki tana kallon bango.

Ranar takwas ga azumi, ban daɗe da dawowa hutu ba, Iya ta shigo tana dafe da wuya. Ta ce kundin ya kwana shida a wani gida can bayan masallacin Juma'a, ita kuma wuyanta ya riƙe, in zo in ɗauko mata. Na yafa mayafi na bi ta.

Mun tarar da mata biyar a inuwar rumbu, kundin a buɗe a cinyar wata amarya da ta yi firamare, tana karanta musu baitina da ƙarfi. Wata dattijuwa ta ce, "Maimaita na tsuntsuwar nan." Ta maimaita. Zuciyata ta tashi sama kamar balbela. Ban taɓa jin kalmomina a bakin wani ba.

Bayan mun gaisa, na tambayi uwargidan wane ɗinki suka zaɓa.

"Zaɓa? Ai ba mu kai ƙarshe ba tukuna, 'yar nan. Shafi uku muke yi kullum bayan la'asar, yana rage mana tsawon azumi. Allah ya yi miki albarka."

Atamfofinsu suna cikin akwati, ko warware su ba a yi ba. Da muka fito, maƙwabciyarsu ta leƙo ta katanga ta ce wa Iya ta gaji da jiran littafi, ta aika nata kasuwa tun shekaranjiya.  Na lura dai Iya ta daina dafe wuya.

Da muka isa gida na zauna gaban Gwaggo. "Gwaggo, cikin arba'in da biyun nan, nawa kika taɓa ɗinkawa?"

Ta lissafa da yatsu a hankali. "Tara."

"Sauran fa?"

"Sauran ado ne, uwata." Haka take kirana, don sunan kakarmu aka sa mini.

Idona ya sauka kan gwangwanin da take tara zare, launi-launi. A nan dabarar ta zo mini. Na ce ta ɗinka waɗannan taran a ƙyallaye, ƙanana kamar tafin hannu, wuya da hannun riga sosai yadda mace za ta taɓa ta gani. A zira su a igiya ɗaya kamar kuɓewar shanya. Kowanne a ɗaura masa tuntun zare mai launinsa: wannan ja, wannan kore, wannan ruwan goro. Mace ta duba, ta zare sili ɗaya daga tuntun wanda take so, ta ƙulla a bakin atamfarta. Ba rubutu, ba bayani, ba abin da Iya za ta manta. Kuma mu yi igiya biyar, ba ɗaya ba.

"To littafin fa?" in ji Iya. "In dai yana gidan nan sai sun aiko, kuma kin san Gwaggonki ba ta iya hana uwargida aro ba. Ni ma ba zan iya ba."

Gaskiya ta faɗa. Shi ya sa washegari na nemi reza. Na ciro shafuka taran nan na ba Gwaggo ta duba, sauran na tattara na zuba a kwali. Na yi kuka kaɗan, ba zan ɓoye ba. Gwaggo ta yi kamar ba ta gani ba, ta sauke kwanuka daga kan keke, ta ɗiga masa mai, ta ɗora ƙafa. Kwana biyu muka yi, ita tana ɗinki, ni ina yanka ƙyalle ina tufka igiya.

Ranar da Iya ta fara fita da su, igiyoyin ko nauyin faifanta ba su ƙara ba. Ta bar ɗaya a nan, ɗaya a can, ta zaga ta dawo ta kwashe. Kafin azahar sai ga ta da atamfa bakwai a ka, kowacce da ɗan zarenta yana lilo a baki.

"Ku sauke ni!" take cewa tun daga zaure. "Yau kam wuyan ya riƙe da gaske!"

Wasu sun nemi littafin. Iya ta ce musu ya tsufa ya mutu, su yi masa addu'a su zaɓi zare.

Ranar kasuwa na rataye igiya ɗaya a bakin zaure. Matan Fulani masu tallan nono daga wajen Burumburum, waɗanda ba su taɓa samun lokacin buɗe kundi ba don motarsu ba ta jira, suka tsaya da ƙorensu a ka. Ɗaya ta shafa wani wuya mai tattara ta ce, "Wooɗi," wato ya yi kyau. Ta je ta yanko yadi, ta ƙulla zare ruwan ɗorawa, Gwaggo ta auna ta, tun direba bai gama ɗaure kaya ba.

Daga nan keken bai ƙara yin shiru ba. Tun hantsi yake kar-kar-kar har la'asar sakaliya, ni ina sa maɓalli ina guga da dutsen gawayi. Wani abu ya faru ranar ashirin ga wata wanda ya fi komai faranta mini, ko da yake ya ɗan sosa ni. Wata baƙuwa daga Kano ta zo da sabon wuya. Na tafi gidanmu na dawo, na tarar Gwaggo ta riga ta ɗinka shi sau biyar, ta kwance igiyoyin, ta cire wanda ba a cika zaɓa ba, ta zira sabon da tuntun zare ruwan toka. Ba ta jira ni ba. Ba ta ma ga abin faɗa a ciki ba.

Ana saura kwana biyu Sallah muka miƙa riga ta ƙarshe. Ranar idi na tsaya a ƙofar gida ina kallon mata da 'yan mata suna wucewa, ina kiran launin kowacce a zuciyata.

Yaya ya zo da a-kori-kura kwana huɗu bayan Sallah. Ya tarar da kayan biki biyu jibge a rumfa, Gwaggo ko ɗagowa ba ta yi ba sai da ta kai ƙarshen layi.

"Inna, na zo da mota."

"Sannu da hanya. Matsa mini daga haske."

Ya dube ni. "Ina waƙar ban kwanan?"

"Tana nan. Kai zan rera wa in ka tashi tafiya."

Ya yi dariya har ya zauna a kan turmi. Da yamma motar ta koma Doguwa ɗauke da buhun mangwaro da igiya ɗaya, wadda Gwaggo ta ce ya kai wa matarsa ta nuna wa maƙwabta. Gwaggo ta ƙara shekara goma sha ɗaya a gidan nan tana ɗinki, har idonta ya gaza.

Na daɗe ina ba da labarin nan a matsayin ranar da na gano abin da kowa ya kasa ganowa. Sai bayan rasuwar Gwaggo, ina koyarwa a Bebeji, na haɗu da Iya a wani gidan suna, ta tsufa tukuf. Ita ta gaya mini cewa tun Sallar farko Gwaggo ta san kundin ne yake kashe mata aiki. Gwaggo ta hana a gaya mini, ta ce yarinya ta zuba zuciyarta a ciki, gara ita ta koma Doguwa. Ciwon wuyan nan kuwa ƙarya ce Iya ta shirya don in je in gani da idona, kuma a kansa Gwaggo ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwarta.